Yadda Za Ka Raba Karenka da Hayaƙin Sigari

A yawancin gidajen Maraɗi da ake kiwon kare, wurinsa zaure ne, ko bakin ƙofa, ko gindin bedi a waje. Nan ne kuma mai shan taba yake raɓewa don kada ya busa wa iyali. An kare yara ke nan, an bar wa kare hayaƙin, ga shi a ɗaure babu halin matsawa. Haka ma in ƴan fada suna zaman shayi a ƙofar gidanka har tsakar dare, wannan ya kunna sigari, wancan ya ja shisha.

Hukumomin lafiya sun ce hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Hancin kare kuwa ya fi na mutum jin wari nesa ba kusa ba. Ga yadda za ka bi.

Da farko, karanci halinsa

Kare ba ya cewa ƙirjina na ciwo, halinsa ne ke faɗa. Zauna kusa lokacin da ake shan tabar ka duba. Yana kawar da kai? Yana atishawa, yana goga hanci da ƙafa, idonsa na hawaye? Yana jan igiya zuwa inda iska ke fitowa? Wani sai ya kasa kwanciya, ya tashi ya zagaya ya sake kwantawa. Wani kuma ya yi ta susa da lasar jiki, domin hayaƙin yana sa ƙaiƙayi a fata.

Illar da ke zuwa a hankali ta fi wuyar ganewa. Karen da ya saba bin ka gona da gudu ya fara tsayawa yana haki, ko tari ya hana shi barci da dare, da rana sai ya zama mai saurin fushi. Mafarauta ma su lura, don hancin da ya kumbura da majina ba ya bin sawu yadda ya kamata. Sau da yawa a ce kare ya lalace ko ya yi ƙiwuya, har a kai masa sanda, alhali numfashi ne ya gagare shi.

Wata dabara: da hunturu ƙura kaɗai tana sa atishawa, saboda haka kwatanta ranar da aka yi zaman taba da ranar da ba a yi ba.

Na biyu, sauya wuri

Ko dai karen ya tashi, ko mai tabar. A ganina mai tabar ne ya kamata ya tashi, tunda shi ke da zaɓi. Ya fita sarari, nesa da turken, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin zuwa wani gefe. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Zaure mai rufi shi ne mafi muni, musamman da sanyi da ake toshe ko'ina. In ba yadda za ka yi da ƴan fada, mayar da turken cikin gida kafin su zauna. Ai Nijar tana da dokar yaƙi da shan taba tun 2006, wadda ta hana sha a wuraren jama'a, amma ƙofar gidanka kai ne za ka tsawata.

Siffar karen ma tana da nata. Binciken da aka yi a jami'ar jihar Kolorado ta Amurka, wanda aka wallafa a 1998, ya gano cewa karnuka masu dogon hanci da ke zaune da masu shan taba sun fi fuskantar ciwon daji na hanci, domin dattin a nan yake maƙalewa. Karnukanmu na gida da na farauta, har da irin na Azawak, duk masu dogon hanci ne.

Na uku, tsince guntaye

Wannan shi ne mai iya kisa cikin ɗan lokaci. Guntun sigarin da aka yar yana riƙe da nikotin, gubar da ke cikin taba, ɗan kwikwiyo kuma ba abin da ba ya taunawa. Haka garin taba da ake cusawa a baki, da ganyen da aka shanya, da tabar shisha mai ƙamshin kayan marmari, da ruwan da aka kashe sigari a ciki. Sa gwangwani mai murfi a wurin zaman, a share kowace safiya kafin a saki kare.

In ya riga ya haɗiye, alamun sukan bayyana cikin awa guda: dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, zumuɗi kamar an tsikare shi, daga baya ƙafafu su saki. Kada ka ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri. Ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi, ka tafi da ragowar abin da ya ci.

Na huɗu, wanke abin da ya rage

Hayaƙi yana wucewa, dattinsa yana zama a gashi, a buhun da yake kwanciya, a ƙasa. Kare ya lashi jikinsa ya haɗiye. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka yi masa wanka lokaci lokaci da rana ta yi zafi, ka wanke shimfiɗarsa, ka matsar da kwanon ruwansa.

Na biyar, san lokacin neman likita

Bayan an raba shi da hayaƙi, atishawa da hawaye su kan lafa. In tari ya ƙi tafiya, ko jini na fita ta hanci ɗaya, ko fuska ta kumbura, ko yana ramewa, je ofishin ma'aikatar kiwo ko asibitin dabbobi, kuma ka faɗa wa likita gaskiya cewa ana shan taba a gidan.

Kada kuma a ɗora wa taba komai. Karen da halinsa ya juye farat ɗaya, yana cizon duk abin da ya gani, miyau na zuba, muryarsa ta sauya, a ɗauke shi a matsayin mai ciwon hauka har sai likita ya ce ba haka ba. A killace shi, a hana yara zuwa kusa. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.