Yadda mai shan taba zai duba bakinsa da kansa

Yawancin masu zuwa mana da cutar kansar baki a makare ba wai basu taɓa duba bakinsu bane, sun duba, amma haƙori kawai suka kalla a madubi suka rufe baki. Ina aiki ne tare da likitan haƙori anan Jos kuma wallahi abin yana damuna, musamman masu sigari da masu cusa garin taba da kanwa a kumatu ko ƙasan leɓe, da samarin shisha da suke ganin tunda hayaƙin ta ruwa yake bi ai shikenan. Ita ma taba ce.

Ka yi dubawar da safe kafin ka ci goro, don jan goro yana rufe komai. Ka kurkure baki, ka kunna tocilan wayarka, ba sai ka kashe ko sisi ba. Jan leɓe da kumatu da kallon dasashi kowa ya iya, bazan tsaya nan ba.

Harshe ne inda mutane suke kuskure. Samansa da kake gani ba nan bane wurin, gefensa ne da ƙarƙashinsa. Ka zaro shi ka kama tsininsa da tsumma mai tsabta, in da hannu zalla ne sulluɓewa zai yi ka gaji ka bari, ka ja shi dama ka leƙa gefen hagu har can baya kusa da turame, sannan ka ja hagu ka leƙa dama. Bayan nan ka ɗaga shi ya taɓa ganɗa ka haska ƙasan inda miyau ke taruwa, ka sa yatsa ka shafa ko akwai inda yayi tauri.

Abin da kake nema farin tabo ne wanda ko ka goga da tsumma baya fita, likitoci na ce masa lukoplakiya. Ba kansa bace tukuna amma wani yakan rikiɗe ya zama ita. Jan tabo mai santsi kamar karammiski ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Kuma yawanci basa zafi, wannan ne ke yaudarar mutane. Akwai wani dattijo da shekara da shekaru waje ɗaya yake ajiye tabarsa a kumatun hagu, wurin yayi fari ya tattare kamar yatsan da ya daɗe a ruwa, da na tambaye shi cewa yayi "ɗana ai baya min ciwo". Ya riga ya sayo shuɗin maganin nan a kemis yana shafawa, launin wurin ma ya ɓace mana. Don Allah kar ka shafa komai.

Ka ɗau hoton wurin ranar da ka gani. In sati 2 ya wuce yana nan, ko gyambo ne da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a wuya, ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa na jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibitin Plateau Specialist. In sun ce za su yanki ɗan nama a gwada ka yarda, allurar kashe zafi ake yi kafin nan, kuma gwajin ne kaɗai zai faɗi mene ne.

Tabar kuma a daina ta, wani tabon har ja da baya yake in an daina, mai haɗa ta da giya haɗarinsa ya ninka. Ni dai sau ɗaya duk wata nake cewa a duba, ko bayan ka daina.