Yadda Na Koya Wa Duna Dawowa Idan Na Kira Shi

Duna yana da wata 7 ranar da ya bar ni tsaye a tsakiyar fili da igiya a hannu, babu kare a jikinta. Zomo ne ya tashi daga cikin ciyawa, kafin in buɗe baki har sun ɓace su biyun. Na yi ta ƙwala kira har muryata ta dushe. Sai da aka yi wajen minti 20 ya ɓullo, harshe a waje, yana kaɗa wutsiya kamar wanda ya ciyo gasa. Na tarye shi da tsawa, na fincike shi, na ja shi gida ina faɗa. Washegari na kira shi, sai ya tsaya can nesa yana kallona, ya ƙi ƙarasowa. A wurinsa bin zomo daɗi ne zalla, zuwa wurina ne ya jawo masa bala'i, kuma da hannuna na koya masa hakan.

Daga ranar na sake lale. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da na bi, kuma duk a kan abu ɗaya take tsaye: kare yana maimaita abin da ya biya shi. Masana sun daɗe da sanin haka. A 1898 wani Ba'amurke, Edward Thorndike, ya riƙa sa kyanwa a akwati ya ajiye abinci a waje, ya ga duk motsin da ya buɗe mata ƙofa shi take saurin maimaitawa a karo na gaba. B. F. Skinner ya faɗaɗa binciken a shekarun 1930 da ɓeraye, daga baya da tattabaru. Wadda labarinta ya fi shiga raina ita ce Karen Pryor, da ta horar da dabbar ruwan nan dolfin a Hawai a shekarun 1960. Dolfin ba ya ɗauruwa da igiya, ba ya dakuwa, idan ka ɓata masa rai nutsewa zai yi ya bar ka a bakin ruwa. Usur da bokitin kifi kaɗai mai horon ke da su, amma aiki ya yi. Na ce wa kaina, in dai haka ne, ni da nake da kare mai son ciki ba ni da uzuri.

Farkon abin da za ka tanada shi ne ladan kansa. Ni dafaffiyar hanta nake yankawa, ko tsokar kaza marar ƙashi, ƙanana ƙwarai, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Yawan bayarwar ne ke koyarwa, girman yankan ba ya ƙara komai sai ƙiba. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada irin wannan lada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare na yini, don haka ranar da muka yi horo da yawa sai in rage masa na kwano. Kada ka kuskura ka yi lada da cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, ko abin da aka dafa da albasa ko tafarnuwa, duk guba ne ga kare. Haka cingam mai sinadarin xylitol. Dafaffen ƙashi kuma tsagewa yake yi ya soki hanji.

Sai lokaci, wanda a nan yawancinmu muke faɗuwa. Kare yana danganta lada da abin da yake yi a daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ladan ya iso. Idan ya zauna, ka tsaya laluben aljihu, kafin ka ciro ya miƙe, to miƙewar ka biya. Maganin wannan shi ne kalma gajera da za ta cike tsakanin aikin da ladan. Wasu suna amfani da ɗan abin nan da ake latsawa ya yi ƙas, ni kuwa “yawwa” na zaɓa, don bakina ba ya mantuwa a gida. Kwana 2 na farko ban nemi komai daga Duna ba. In ce “yawwa”, in ba shi yanka, in ɗan jira, in sake, kamar sau 15 a zama ɗaya. Irin abin da Ivan Pavlov na Rasha ya gano ke nan a karnukansa: sautin da kullum abinci ke biyo bayansa yakan zama albishir da kansa. Za ka san ya kama idan ka faɗi kalmar yana kallon wani wuri ya waiwayo da sauri. Sharaɗinta ɗaya ne, duk sanda ka furta ta sai ka biya, ko da kuskure ka yi.

Zama shi ne darasin da ya fi sauƙi, kuma da shi kai ma za ka koyi hannunka. Riƙe yanka a gaban hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa saman kansa, ka ɗan yi baya da shi. Hanci ya bi sama, gindi ya sauka. Yana taɓa ƙasa ka ce “yawwa”, ka ba shi. Bayan sau 5 ko 6, yi motsin da hannu wofi, ladan ya fito daga aljihu bayan ya zauna. Kada ka jinkirta wannan sauyin. Idan kullum sai ya ga nama kafin ya motsa, ka koma ba da cin hanci, kuma kare ma ya iya cewa sai na gani a ƙasa. Kalmar “zauna” a ƙarshe take shigowa, lokacin da ka tabbata zai yi. Faɗe ta sau ɗaya. Wanda ke cewa “zauna, zauna, na ce zauna” yana koya wa karensa ne cewa biyun farko ba sa cikin lissafi. Minti 3 zuwa 5 ya isa zama ɗaya, sau 2 ko 3 a rana, ku tashi tun yana marmari.

To, kira. A nan na fi ɓata lokaci, don shi ne ƙofar fita daji da kare, kuma shi ne wanda na riga na lalata. Kalmar “zo” ta riga ta ɓaci a kunnen Duna, sai na yar da ita na ɗauki fito, gajere sau biyu. A cikin ɗaki muka fara, inda babu abin da ya fi ni ban sha'awa. Ni da ƙanwata muka zauna a kusurwa biyu, ta riƙe shi, in yi fito, ya sheƙo, in kama abin wuyansa da hannu ɗaya sannan in ba shi da ɗayan. Kama wuyan nan yana da muhimmanci. Akwai karnukan da sukan zo su wafce nama su yi tsalle baya, ranar da kake bukatar riƙe shi a bakin titi sai ka kama iska. Mako guda muka yi a ɗaki, sannan tsakar gida, sannan wani fili da babu kowa da sassafe.

A filin ban sake shi ba. Na sa masa igiya mai tsawon mita 10, na maƙala ta a ɗamarar ƙirji, don idan ya zabura da gudu igiya ta ƙare a wuyansa tana iya yi masa rauni. Aikin igiyar shi ne hana shi koyon cewa ana iya jin fito a yi kunnen uwar shegu a ci gaba da harka, ban taɓa janyo shi da ita kamar guga ba. Idan na yi fito bai waiwayo ba, laifina ne, na kira a inda ya fi ƙarfinsa. Sai in matsa kusa, in jira ya ɗago kai, in sake gwadawa daga taku 3. Ba a fafe gora ranar tafiya, kiran da kake so ya yi aiki a gaban zomo sai an biya shi sau ɗaruruwa a inda babu zomo.

Akwai ƙa'idojin da na ɗora wa kaina, kuma sun fi wuya a kan na karen. Ba na yin fito don abin da ya tsana. Idan wanka ne ko yankan farce, tashi nake in je in ɗauko shi. Ba na bari fito ya zama alamar an tashi wasa: a yawo ɗaya nakan kira shi sau 8 ko 10, in biya, in ce “je ka”, ya koma harkarsa, sau ɗaya ne kawai cikinsu ke ƙarewa da tafiya gida. Kuma ko ya yi awa guda kafin ya dawo, ko raina ya kai maƙogwaro, idan ya iso sai na yi masa fara'a na biya shi. Wannan ta ƙarshen har yau haɗiye ta nake yi da ƙyar. In kuwa ya kuɓuce, ba na bin sa, don a wurinsa tsere ne kuma shi zai ci. Juyawa nake in ruga ta wani gefen ina ihu kamar na tsinci abin mamaki. Mutane sukan kalle ni, amma sau da yawa kafin in yi taku 20 yana gefena.

Wani abin da na gano a makare shi ne lada bai tsaya ga nama ba. Abin da kare yake mutuwar so a wannan daƙiƙar, shi ne lada mafi tsada. Idan Duna yana jan igiya zuwa gindin wata bishiya, sai in tsaya cak kamar an dasa ni. Igiya na yin sako-sako, ya waiwayo ya dube ni, sai “yawwa, je ka shinshina”. Da haka ya daina ja, ko da yake makon farko tafiyar minti 10 takan ci mana rabin awa. Ka bar karenka ya shinshina. Da hanci yake karanta duniya, ya san wa ya wuce, yaushe, namiji ne ko mace. Na lura yawon da aka bar Duna ya bi hancinsa ya fi kwantar da shi a gida a kan gudun da ya ninka shi tsawo.

Za a ce mini, to idan ya yi laifi fa? Yawancin abin da muke kira laifi wani ne ke biyansa ba da sani ba. Kare mai tsalle a jikin baƙi ana ture shi, ana kiran sunansa, ana kallonsa, duk riba ce a wurinsa. Juya masa baya, ƙafafu huɗu na taɓa ƙasa ka yaba. Sarƙar shaƙe wuya da abin wuya mai jan lantarki ba na amfani da su, na riga na ga abin da tsawa ɗaya ta jawo mini. Gurnani kuwa kada ka hukunta shi a kai, gargaɗi ne. Idan ka kashe gargaɗin, cizon zai zo ba sallama. Karen da ke yawan gurnani ko kai cizo, a kai shi wurin likitan dabbobi tukuna, don sau da yawa ciwo ne a ɓoye.

Kafin ku fara nisa, a gama rigakafi. Ta haukan kare ana yin ta ne daga wata 3, kuma kwikwiyon da bai kammala allurarsa ba kada a kai shi inda karnuka ke yawan kashi, saboda cutar parvo mai sa amai da gudawar jini. Bayan wannan, babban abokin gaba a waje zafi ne. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Ni da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi muke fita. Nakan ɗora bayan hannuna a kan kwalta ko yashi in ƙirga daƙiƙa 5, in ban iya jurewa ba, shi ma ba zai taka ba. Gorar ruwa da ɗan kwano ba sa barin jakata. Idan ka ga haki ya tsananta, yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, kai shi inuwa, jiƙa shi da ruwa mai sanyi, ka nufi likita nan take. Kada ka bar shi a rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci ne.

Ƙwallonsa ma sai da na canza. Na daɗe ina jefa masa ja a cikin ciyawa ina mamakin yadda yake wuce ta. Ashe idon kare shuɗi da rawaya yake rarrabewa sosai, ja da kore kusan ɗaya suke a wurinsa. Na sayi shuɗiya, magana ta ƙare. Idan mun dawo kuma sai na bi jikinsa da hannu, cikin kunne, hammata, tsakanin yatsu, ina neman kaska da ƙaya. Kaska da ɗan hantsaki ake kama ta dab da fata a ja a miƙe, ba a matse cikinta. Leda tana aljihuna don kwashe kashinsa, kuma da na hango dabbobin kiwo ko yara sai in mai da shi igiya tun daga nesa, ko da na san ba zai taɓa su ba. Wanda ke tsoron kare bai san halin Duna ba, kuma ba dolensa ba ne ya sani.

Ka sa ran komawa baya tsakanin wata 6 da wata 18, lokacin balaga. Karen da jiya yake zuwa da fito ɗaya zai dube ka yau kamar bai taɓa ganinka ba. Koma igiya mai tsawo, ƙara darajar ladan, rage wahalar darasin, zai wuce.

Yanzu Duna yana da shekara 3. Yakan baro wasa da wasu karnuka idan na yi fito, yakan baro mushe, ya taɓa juyowa daga bin ƙadangare yana tsakiyar gudu, ranar duk abin da ke aljihuna na juye masa. Zomo dai har yau ban ci nasara a kansa ba. Shi ya sa idan magariba ta kawo kai, lokacin da suke fitowa kiwo, nake mai da masa igiyar nan mai mita 10, mu ƙarasa yawon a haka.