Bamba da ƙarafan adon tsohuwar mota: kurakuran da aka fi yi

Tsohuwar mota in ta fito daga fenti, bamba ido ke fara kallo, sai hannun ƙofa, sai siraran ƙarafan da suka zagaye gilashi. A nan mai mota ke shiga tunani: ya kai na asalin a sake musu rufin kurom (siririn rufin ƙarfen nan mai ƙyalli), ko ya sayi sababbin da ake ƙerawa a kamanninsu? Ni na fi karkata ga na asali, don shi aka auna da jikin motar tun daga masana'anta. Amma ta kowace hanya ana tafka asara.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar duk abin da ke ƙyalli a matsayin kurom. Bambar Peugeot 404 da ta 504 ta shekarun 1960 da 1970 yawanci ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda muke kira silba. Wannan ba ya bukatar rufi. A miƙar da lotsawar, a goge, ƙyallinsa ya dawo. Ƙarafan gefen gilashin Mercedes W123, wadda aka daina ƙerawa a 1986, alminiyam ne mai wata fata ta kariya, kuma da zarar an sa masa samfefa fatar ta tafi, sai ya riƙa dusashewa. Tambarin mota da gindin madubi da hannayen ƙofa da yawa kuwa zubin tutiya ne. Kafin ka yanke shawara, ka ɗauki kowane yanki a hannu. Alminiyam ba nauyi, tutiya da nauyi, kuma dukansu maganaɗisu ba ya kama su. Yana kama baƙin ƙarfe, sai dai yana kama wani nau'in silba ma, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.

Sai masu zaton kurom zai rufe aibi. Ba ya rufewa, ƙara fito da shi yake yi. Kaurin kurom na ado bai kai maikiron 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), gashin kai ya ninka shi sau da dama. Aiki mai kyau hawa uku ne: jan ƙarfe a ƙasa don cike ƙananan ramuka, nikal a tsakiya wanda shi ne ke ba da hasken yana kuma tare tsatsa, sannan kurom a sama. Ka tambayi mai aikin kai tsaye ko zai sa jan ƙarfe. In farashinsa ya yi araha fiye da kima, to a wurin guga da shimfiɗar ƙasa ya rage.

Tutiya ce ta fi ba da wuya. Ƙurajen da kake gani a hannun ƙofa daga ciki suke tasowa, kowanne da raminsa a ƙarƙashi. Sai an rarake su ɗaya bayan ɗaya, an yi rufin jan ƙarfe, an cike da solda, an sake gogewa. Mai gaggawa kan kafa abin a injin guga har sai ramukan sun ɓace, ya tafi da kaifin gefe da rubutun da ke jiki. Abin zai dawo maka yana sheƙi, amma siffarsa ta mutu, kuma ba mai iya mayar da ita. Wannan yana ba ni takaici fiye da tsatsa.

Kada a yi rufi kafin gwaji. A miƙe bamba, a yi walda, a ɗaura ta a mota a ga ta zauna, sannan a kai ta. Bayan rufi, in ka lanƙwasa ta sai kurom ya tsage. Haka sabon kaya: a gwada shi tun kafin fenti. Sau da yawa ƙarfensa ya fi na asali sirantaka, ramukan noti kuma ba sa haɗuwa. In bai zauna ba, shi za a gyara ko a mayar. Kada a huda jikin mota saboda shi.

Na ga wani ya sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar bambarsa ranar da sabuwa ta iso. Damina ɗaya sabuwar ta yi, jan tsatsa ya fara tsiyaya daga gindin notuka, ta asalin kuma an riga an auna ta a sikeli an wuce da ita. Ka ajiye tsohon kaya komai muninsa, ko don a gwada sabon da shi.

Akwai inda sabo ya fi: abin da ya ɓata, ko tsatsa ta huda shi, ko na roba ne mai rufin kurom, da maƙalai da robobin gefe. Sai dai a lura da launi. Kurom irin na da yana da ɗan shuɗi-shuɗi, amma sinadarinsa na jawo ciwon daji, shi ya sa tun 2017 sai da izini na musamman ake aiki da shi a Tarayyar Turai, kuma shi ya sa ba aikin gida ba ne. Wanda masu aiki da yawa suka koma wa ya ɗan fi duhu. Saboda haka yankunan da ke maƙwabtaka da juna, kamar bamba da ƙahonninta, a yi su wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Kafin su bar hannunka, ka ɗauki hoton kowanne, ka rubuta adadinsu, mai aikin ya sa hannu.