Sake Fasalin Dandalin Gwanjo: Fara Daga Daƙiƙa 30 Na Ƙarshe

Karon farko da aka ba ni aikin sake fasalin fuskar wani dandalin gwanjo na intanet, daga shafin farko na fara. Mako uku ina zaɓen launi, ina jera hotunan kaya. Ranar gwaji, wata mata ta kai yatsa za ta danna maɓallin tayi, sai wani ya riga ta, adadin da ke kan maɓallin ya canza a ƙarƙashin yatsanta, ta taya kayan a kan kuɗin da ba ta yi niyya ba. Ta ɗago ta ce mini, "Malam, ni fa ba wannan na danna ba." Gaskiyarta. Tun daga ranar na daina farawa daga ƙofa, daga wurin da ake sallama kaya nake farawa.

Kafin ka zana komai, samu masu saye na gaske ka zauna kusa da su lokacin da gwanjo ke shirin rufewa. Za ka ga ba mai karanta bayanin kaya a lokacin. Abu uku kawai idonsu ke nema: ni ke kan gaba ko an wuce ni, nawa ne tayi na gaba, saura minti nawa. Haɗa ukun nan wuri ɗaya a ƙasan allon waya, inda babban yatsa ke kaiwa, kuma kada su gusa ko da mutum ya ja shafin sama.

Sai maɓallin. A rubuta adadin a jikinsa, misali "Taya 550", kuma wannan adadin ne za a aika wa sabar, wato babbar kwamfutar dandalin da ke karɓar tayi, ba umarnin "ƙara a kan na yanzu" ba. Idan wani ya riga ya kai 550, sabar ta ƙi karɓa, allo ya ce an riga ka, ga sabon adadi. Duk sanda adadin ya canza, ina kulle maɓallin na kamar rabin daƙiƙa don ido ya gani kafin yatsa ya sauka. Girmansa kada ya gaza "point" 44 na awon allo a tsaye da kwance, ma'aunin da Apple ke ba masu gina manhaja, kuma a nesanta shi da kowane maɓalli. Akwatin nan mai tambayar "ka tabbata?" ina saka shi a tayin farko da kuma lokacin da mutum ya rubuta adadin da ya zarce na yanzu nesa ba kusa ba, don sifili ɗaya na kuskure ba wasa ba ne. Amma a kowane dannawa, cin lokaci ne kawai, mutane ma sukan saba su danna ba su karanta ba.

Agogo shi ne inda aka fi yi wa mutane ƙarya ba da gangan ba. Kada ka dogara da agogon wayar mai saye. Lokacin sabar ne alƙali, shi za a riƙa daidaita ƙirgen da shi. Dandali da dama suna tura sabon tayi ta WebSocket, hanyar da aka daidaita ƙa'idarta a 2011, wadda ke barin layi a buɗe tsakanin waya da sabar. Matsalar ita ce layin kan yanke shiru, allo ya ci gaba da cewa "kai ke kan gaba" alhali an wuce mutum tuni. Da zarar sabis ya ɗauke, dusashe adadin, rubuta ɓaro-ɓaro cewa layi ya yanke. Haka kuma a raba "an aika" da "an karɓa". Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da bayyana cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin ta kamar nan take, wadda ta wuce daƙiƙa ɗaya kuwa tana yanke masa tunani. Don haka maɓallin ya nuna alama nan take, amma kada ya ce an karɓa sai sabar ta amsa.

Idan akwai bidiyon mai gwanjo kai tsaye, ka sani hoton kan yi jinkirin wasu daƙiƙoƙi a bayan lambobi. Mutum zai ji ana kiran adadin da aka riga aka wuce. Ka faɗa masa a kan allo cewa lambobin su ne abin bi.

Ka tambayi masu dandalin yadda gwanjonsu ke rufewa, domin zanenka ya rataya a kan amsar. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, a al'ada lokaci na cika an rufe. Gwanjon Amazon na da kuwa ba ya rufewa sai an yi minti 10 ba sabon tayi. Masana tattalin arziki Alvin Roth da Axel Ockenfels sun kwatanta su biyun a binciken da suka wallafa a 2002, suka ga tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa sosai a eBay. Ni na fi son tsarin ƙarin lokaci, amma in ba a bayyana shi ba, mai saye zai ga agogo ya koma baya ya rantse an yi masa coge. Layi ɗaya ya isa: an ƙara lokaci saboda sabon tayi.

Kore da ja kaɗai ba su isa su nuna ci ko faɗuwa ba. Kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launi, don haka a haɗa da kalma da alama. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafin intanet zai yi wa masu naƙasa sauƙin amfani, tana neman bambancin haske na 4.5 da 1 tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa.

A ƙarƙashin maɓallin, nuna jimillar abin da mutum zai biya in ya ci: tayinsa, la'adar dandali, haraji, kuɗin aikawa. Masu dandali sukan yi gardama a nan, suna tsoron jimillar za ta kori mutane. Ni na fi tsoron wanda ya ci kaya ya ga lissafi ya ƙi biya. In mai kaya ya ajiye farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, a nuna ko an kai ko ba a kai ba. In kuma akwai tsarin da mutum ke saka iyakarsa na'ura ta riƙa taya masa, a sa alama a jerin tayi, in ba haka ba wanda aka wuce nan take sau uku zai ɗauka da aljani yake takara.

Gwaji kuma a yi shi a tsohuwar waya da rarraunan sabis, da mutum biyar suna takara kan kaya ɗaya, kai kana zare intanet ɗin ɗayansu a tsakiya. Kada ka saki sabuwar fuska ranar babban gwanjo. Fara da ƙananan kaya da kaso kaɗan na masu saye, ka bar wa tsofaffin masu saye hanyar komawa tsohuwar fuskar na ɗan lokaci, domin yatsunsu sun haddace inda komai yake. Lambar da nake fara dubawa washegari ita ce yawan waɗanda suka nemi a soke musu tayi saboda kuskuren dannawa.