Yadda ake rubuta wa yara littafin al'ajabi a Jos

Kafin ka ƙirƙiri dodo, ka san yaronka. Idan 'yan shekara 9 zuwa 12 kake rubuta wa, jarumin ya zama ɗan 12 ko 13, domin yara sun fi son bin sawun wanda ya ɗan girme su. Ka ba shi rauni ɗaya tak: tsoro, ƙarya, ko jin kunyar talaucin gidansu. A kan wannan raunin za a gina littafin duka.

Ƙofar shiga duniyar al'ajabi kuwa, kada ka aro ta daga nesa. Ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwansu shiru, iyaye na hana yara zuwa bakinsu. Ga duwatsun Shere cikin hazon hunturu. Yarinyar unguwar Gangare da aka aika kasuwar Farin Gada sayen dankali, ta tsinci wani dutse mai ɗumi cikin buhu, ta riga ta kama mai karatu tun babi na farko.

Inda marubuta suka fi tuntuɓe shi ne dokar abin al'ajabin. Dole ya zo da farashi. A ce duk lokacin da dutsen ya ɓoye ta daga idon mutane, sai ta manta sunan wani na gida. Ta fara da na maƙwabciya, ta zo kan na ƙaninta. Ranar da saura sunan Inna, sai ta zaɓa: ta ɓuya ko ta tsaya a gan ta. Girmanta ke nan, ba sai an faɗa ba. Idan ƙarfin dutsen ya zo a kyauta, yaro mai wayo zai ce, "To me ya hana ta yin haka tun farko?" ya ajiye littafin.

Kada wani tsoho mai furfura ya warware mata matsalar. Ya nuna hanya kawai. Kuma ka riƙe salon tatsuniya, ka guji abin da ya yi kama da koyar da tsafi, don iyaye ne ke ciro kuɗin.

Babi 15 zuwa 20, kowanne kalma 1,000 zuwa 1,200, ya wadatar. Ka karanta wa yara uku ko huɗu da babbar murya bayan isha'i. Duk inda suka fara mutsu-mutsu, yanke. Kafin a buga, ka nemi shafin gwaji ka duba ƙ, ɗ da ɓ, domin wasu haruffan kwamfuta kan mayar da su akwati.