Idan Candida ta shiga jinin majinyaci: daga ɗibar jini zuwa zaɓen magani

Majinyacin da ya kwana goma a gado bayan tiyatar ciki, ga bututu a babbar jijiya, an ba shi magungunan bakteriya, daga ceftriaxone an koma meropenem, amma zazzaɓi ya ƙi sauka, to a tuna da Candida, wata ƙwayar fangas ce dangin yis. Haka jariri bakwaini da wanda ake wa wankin ƙoda.

A ɗebi jini kafin a fara maganin fangas. Ga babba, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalbar rainon ƙwayoyin cuta, daga wuri biyu daban. A goge fata da chlorhexidine, a jira ta bushe, kada a sake taɓa wurin da yatsa don laluben jijiya. Ƙarancin jini a kwalba shi ne kuskuren da aka fi yi, domin ƙwayar ba ta da yawa a jini, kuma ko an yi komai daidai kusan rabin masu cutar ne kawai gwajin ke kamawa. Kwalba ta zauna a inkubeta kwana 5, kuma a tabbata tana kan janareto ko sola, saboda yadda wuta ke zuwa tana tafiya a Zariya.

Da an ga yis mai toho a rinin Gram, wato rinin da ake yi wa samfur don duba shi a madubin likita, a kira likitan ɗakin nan take. Candida a jini ba dattin fata ba ce, ko da kwalba ɗaya ce ta nuna.

Sai a shuka samfurin a farantan rainon fangas, Sabouraud da CHROMagar, na biyun yana bambanta jinsunan Candida da launi. Albicans kore take fitowa, tropicalis shuɗi, krusei ruwan hoda mai kaushi. Sanin jinsin ba ado ba ne: maganin fangas fluconazole ba ya cin krusei tun asali, glabrata na yawan gagarar sa, auris kuwa, wadda aka fara ganowa a Japan a 2009, kayan gwaji na yau da kullum kan ba ta sunan wata. Wanda bai da kayan aiki ya tura samfurin babban ɗakin gwaji, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Don sanin ko magani zai ci ƙwayar, gwajin faifan magani shi ya fi sauƙin kuɗi. Ana amfani da farantin shuka na Mueller-Hinton mai gulukos kashi 2 cikin 100 da methylene blue maikurogiram 0.5 a kowace mililita. A dama yis mai kwana ɗaya a ruwan gishiri zuwa kaurin 0.5 a ma'aunin kauri na McFarland, a shafe faranti ta fuska uku, a ɗora faifan fluconazole mai maikurogiram 25, a ajiye a digiri 35 na awa 20 zuwa 24. Ga albicans, da'irar da yis bai tsira ba kewaye da faifan, in faɗinta ya kai milimita 17 zuwa sama, na nufin magani zai ci. 14 zuwa 16 sai an ƙara yawansa. 13 zuwa ƙasa ya gagara. Wajen karatu ake yawan zamewa. Fluconazole tsayar da yis yake yi, ba ya kashewa, don haka za a ga ɗan dishi-dishin tsiro cikin da'irar. A auna daga inda tsiro ya ragu sosai. Ruwan dami mai kauri da faifan da ya sha zafin bazara a kan tebur duk suna ƙanƙantar da da'ira, a ce magani ya gagara alhali ƙarya ne. Shi ya sa ake haɗawa da sanannen samfurin Candida parapsilosis mai lamba ATCC 22019 a matsayin ma'auni.

Mai tsananin ciwo ba ya jiran wannan sakamako. A ba shi caspofungin miligiram 70 ranar farko, sannan 50 kullum, idan akwai shi kuma aljihun dangi zai ɗauka. In babu, amphotericin B, ana ƙarin ruwan gishiri kafin kowace allura, ana bin ƙoda da potassium. Fluconazole miligiram 800 sannan 400 kullum na wanda jikinsa da sauƙi ne kuma bai sha irinsa kwanan nan ba.

A cire bututun jijiyar in da hali, likitan ido ya duba cikin idon, a maimaita gwajin jini kullum ko bayan kwana biyu. Kwana 14 na magani ana fara ƙirga su ne daga ranar da jini ya fito babu tsiro, ba daga ranar allurar farko ba.