Darasi na 7: Dasa Dabino a Gida a Legas

Dabino itacen hamada ne. Yana jure fari, yana jure zafin rana, kuma sanyin daren hunturu irin na Agadez ba ya kashe shi. Ƙasa mai ɗan gishiri ma ba ta dame shi ba. Shi ya sa ya yi kyau a Dutse ta Jihar Jigawa, inda akwai tashar binciken dabino. To amma nan Legas ce. Ruwan da ke sauka a shekara ya wuce milimita 1,500, iska kuma cike take da laima. A nan ba ƙishirwa ce ke kashe dabino ba, yawan ruwa ne.

Tun farko a san abin da za a samu. Dabino zai tsiro a Agege ko a Aja, zai yi tsayi, zai ba da inuwa, zai ƙawata gida. 'Ya'ya ne ba tabbas. Daga fure zuwa nuna yana ɗaukar kamar wata shida, kuma yana son busasshiyar iska a lokacin nunar. Idan ruwa ya dake shi a wannan lokaci sai 'ya'yan su tsage, su yi tsami, su zube. Wanda yake son ya kai kasuwa, gara ya dasa a gonarsa ta Arewa.

Samun iri

Hanya biyu ce. Ta farko ƙwallo: a ci dabino, a wanke ƙwallon sarai don kada zaƙin ya jawo tururuwa da fumfuna, a jiƙa shi kwana biyu ana sauya ruwan. Sai a kwantar da shi a cikin leda mai zurfin santimita 30, a rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu. Ledar fiya wata ta yi kaɗan, don saiwar farko doguwa ce, ƙasa take nufa kai tsaye. A huda gindin ledar wuri huɗu ko biyar. Cikin mako uku zuwa takwas zai fito.

Ganyen farko guda ɗaya ne, dogo, kamar na dawa. Mutane da yawa sun tuge nasu suna zaton ciyawa ce. Ganye mai rassa sai daga baya.

Dabino akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Idan aka shuka ƙwallo goma, kusan rabi maza za su fito, ba kuwa za a gane ba sai sun yi fure bayan shekara huɗu ko fiye. Ƙwallo kuma ba ya maimaita uwarsa. Wanda ya dawo daga aikin Hajji da Ajwa ya shuka ƙwallonta, kada ya sa rai da Ajwa.

Hanya ta biyu ita ce ɗan da ke fitowa a gindin uwa. Shi kam halin uwarsa yake ɗaukowa. A zaɓi wanda ya shekara uku ko huɗu, mai saiwarsa, a raba shi da ƙarfe mai kaifi, a rage masa ganye, a ɗaure sauran. Idan daga Arewa za a kawo shi, a naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, kada a bar shi ya kwana biyu a rana a saman mota.

Wuri da rami

A zaɓi inda rana ke bugawa tun safe har yamma. A bar mita 4 tsakaninsa da katanga, mita 8 tsakanin dabino da dabino, domin reshe ɗaya yakan kai mita 4. A ɗaga kai kuma a duba wayar lantarki. Dabino kai ɗaya gare shi. Ran da aka sare kan don ya taɓa waya, ya mutu ke nan.

Kafin a dasa a gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin santimita 60 da faɗi haka, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ya tsotse, wurin ya yi. Idan an tarar da ruwa kwance, ko kuwa tun ana haƙa ruwa ke ɓuɓɓugowa kamar yadda yakan yi a unguwannin bakin ruwa, to ba a rami za a dasa ba. A tara tudu mai tsayin santimita 50 da faɗin mita ɗaya da rabi, a dasa a kansa.

Haɗin ƙasar shi ne yashi kwano biyu, ƙasar sama kwano ɗaya, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya. Ana samun kashin shanu a wajen mayankar Oko-Oba a Agege, sai dai ɗanye ne, yana ƙona saiwa. A ajiye shi wata uku tukuna, har ya yi baƙi ya daina wari.

Watan Oktoba ya fi dacewa da dashe, ƙasa da danshi, ruwa kuma ya kusa ɗaukewa. A guji Yuni da Yuli. Kada a binne tsakiyar kan, inda sabon ganye ke fitowa. Ƙasa ko ruwa ya zauna a nan, ruɓa zai yi. Alamar ita ce a ja ganyen tsakiya ya zaro cikin sauƙi, gindinsa yana wari.

Ban ruwa da taki

A shekarar farko, da rani, jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako ta isa. Da damina kada a ƙara masa ko ɗigo. Takin zamani NPK, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir, sau uku a shekara, a barbaɗa shi taku ɗaya daga gindi. A ƙasa mai yashi tsofaffin ganye kan yi rawaya; yawanci ruwan sama ne ya wanke takin, ba ƙishirwa ba ce.

Ƙwari da cuta

Akwai wani baƙin ƙwaro mai ƙaho, kamar buzuzu, wanda ke addabar kwakwa da kwakwar manja. Dabino ma bai bar shi ba. Yana huda kan ya shiga, sabon ganye ya fito da yanka kamar an sa almakashi. A lanƙwasa bakin waya a zaƙulo shi, a cika ramin da yashi. A cikin tarin taki da ruɓaɓɓen kututture yake hayayyafa, don haka kada a jibge su kusa. Raunin da ya bari kuma shi ke kiran wani ƙwaron mai dogon baki, wanda tsutsarsa ke cinye cikin itacen ba a sani ba sai kan ya faɗo.

Ƙananan baƙaƙen ƙuraje a jikin tsofaffin ganye aikin wata fumfuna ne mai yaɗuwa idan laima ta yi yawa. Ba sa kashe itacen. A yanke waɗanda suka bushe a ƙona, a bar masu kore, don kowane yanka ƙofa ce ga ƙwaro.

A gindin kowane reshe akwai ƙaya mai tsawon yatsa, tana kuma huda silifas. A gidan da yara ke wasa, a datse ƙayoyin ƙasa da almakashin lambu, a kwashe su nan take a zuba a wuta.